Abokin Gaba

Ran Talata Hannelore ta zo da kwalin takalmi,
ta dire shi kan teburin kicin, ko kwat ba ta tuɓe ba.
"Na Detlef ne," in ji ta. "Ni ban san kansu ba."
Na ɗaga murfi: sojan dalma ɗari da sittin
kwance kan auduga, kai da ƙafa.
Arba'in sun sha fenti,
saura tsirara, sai ka ce an tashe su daga barci.

Shekara ashirin da uku, duk daren Alhamis,
a ɗakin ƙasa na wani gidan abinci, nan Leipzig,
shi da Faransawansa masu shuɗiyar riga,
ni da Rashawana masu koriya,
tsakaninmu tebur da tsohon bargo,
tudun soso, kogin leda, cocin kwali.
Mu auna da rula, mu jefa ɗan ludo,
mu tono yaƙin da aka binne tun kakannin kakanni
a filin da na yi ta ratsawa da tarago har na yi ritaya.
Ya ci ni, na ci shi. To, ya fi ci.
Ƙarfe goma kowa ya tsince gawarwakinsa,
ya jera a akwati, mako ya zagayo su miƙe.
Shi da ya faɗi a watan Maris,
ba ɗan ludon da ya tashe shi.

Shuɗi ban taɓa saye ba. Na saya.
Ga ni ƙarƙashin fitila, tabarau biyu a karan hanci,
buroshi mai gashi uku a hannun da ya soma rawa,
ina ɗinka wa maƙiyana riga.
Farar ɗamara a gicciye bisa ƙirji,
maɓalli takwas, kowanne bai kai ƙwayar gishiri ba,
jan wuya, baƙin takalmi.
Soja guda, dare guda. In hannu ya ƙi, dare biyu.

Ni mai sa ido ne. Kowane kurtu nawa
na ɗiga masa fari, na ɗiga masa baƙi.
Detlef kuwa sai dariya:
"Ortwin, daga nisan kamu biyu wa ke ganin ido?
Sa musu laka a gwiwa, sojan da bai yi datti ba ɗan fareti ne."
Ya tsoma buroshi a ragowar kofi, ya goga.
Mun yi wannan musu har furfura ta cim mana.
Shekaranjiya na ɗauko fari, na kai bakin fuskar wani saje,
na tsaya.
Na wanke buroshin. Na je na dafa kofi.

Cikin arba'in ɗin akwai mai ganga,
hularsa a karkace, fentin bayansa ya dame:
shatin babban yatsa ne, layi-layi,
inda gaggawa ta sa ya kama shi bai bushe ba.
Da can sai in ce ƙazanta.
Wannan ban taɓa shi ba, ko man ƙyalli ban shafa ba.

Jikata Wiebke ta leƙo, cingam a baki:
"Kaka, in ka gama, wa zai ja su?"
Na ce ban kai nan a lissafi ba.
Ta ja kujera, ta shimfiɗa rula,
ta tura dawakin Faransa gaba,
ta ƙara rabin inci a sace, tana kallon silin.

Haka yake yi. Wallahi haka yake yi.
Na buɗe baki zan yi magana,
sai na miƙa mata ɗan ludon.
Saura soja tamanin da bakwai,
kuma shuɗin ya kusa ƙarewa.